Shin Da Gaske Ne Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Tana Tsara Waƙa?

 Yau takardu biyu muka haɗa wuri guda, domin kan magana ɗaya suke, sai dai kowa da gefen da ya kamo.

Ta farko daga wani mai sauraronmu ce, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ta Kano. Ya ce yaronsa ya karanta musu wata waƙa a rumfa, ta yabon manomi, ya ce wai kwamfuta ce ta tsara ta cikin wayarsa kafin ƙiftawar ido. Nan gardama ta kaure. Wasu suka ce ƙarya ne, akwai dai wani mutum a can nesa da ke zaune yana rubutawa yana aikowa. Shi ne yake so a raba musu gardama. Ta biyu kuwa daga wani manomi ce a karkarar Maraɗi, Jamhuriyar Nijar, shi kuma nasa kokwanton a juye yake. Ya ce wani saurayi a garinsu, wanda ba a taɓa saninsa da waƙa ba, kwatsam ya fara fitowa da baitoci a wurin biki da taron manoma, har ana yi masa liƙi, ga shi kuma ana raɗe-raɗin waya ce ke yi masa. Yana tambaya yaya za a gane.

To, malamai, mun gode da takardunku. Maganar rubutacciyar waƙa za mu yi, wato baitocin kansu. Kwaikwayon muryar mawaƙi da na'ura ke yi zance ne daban, sai wani jiƙon.

Malam na Dawanau, yaronka bai yi ƙarya ba. A yau na'ura tana iya jera baitoci ita kaɗai, babu wani magatakarda da ke zaune yana rubuto muku. Amma abokan naka na rumfa kada a yi musu dariya, don shakkar tasu tana da asali, ta haura shekara 250.

A shekarar 1770 wani Bature mai suna Wolfgang von Kempelen ya kawo wani abin mamaki fadar Sarauniya Maria Theresa a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Babban akwati ne na katako, a bayansa an zaunar da mutum-mutumi sanye da rawani irin na Turkawa, a samansa kuma allon darar Turawa. Sai a buɗe ƙofofin akwatin ɗaya bayan ɗaya, a haska kyandir, kowa ya ga ƙarafa masu haƙora irin na cikin agogo. A rufe, a wana shi, sai gunkin ya ɗaga hannu ya shiga tura 'ya'yan dara yana cinye gwanaye. An yi ta yawo da shi ƙasashen Turai har Amurka. A 1809 Napoleon na Faransa da kansa ya zauna ya buga da shi, ya sha kaye. Ashe gwanin dara ne, ɗan Adam mai jini a jika, ke naɗe a ciki, yana zamewa gefe duk sa'ad da aka buɗe ƙofa. Akwatin ya ƙone a wata gobara a birnin Filadelfiya a 1854. Tun daga wancan zamani, duk wanda ya ce injinsa na yin aikin hankali, tambayar farko da za a yi masa ita ce, wa ke ciki?

Da aka fara ƙera kwamfuta, irin manyan nan na farko masu cika ɗaki, sai zancen ya sauka kan waƙa. A 1949 wani babban likitan ƙwaƙwalwa a Manchesta ta Ingila, Geoffrey Jefferson, ya yi jawabi ya ce shi ba zai yarda inji ya kamo mutum ba sai ran da ya tsara waƙa saboda abin da ya ji a ransa, kuma ya san shi ne ya tsara ta, ba wai kalmomi ne suka faɗo bisa sa'a ba. A 1950 masanin lissafin nan Alan Turing ya mayar masa da amsa. Ya ce to ai ko ɗan'uwanka mutum ba ka shiga ransa ka gani ba. Abin da malami kan yi in yana so ya san ko ɗalibi ya fahimci abu ko haddar aku ya yi, shi ne ya titsiye shi da tambaya: me ya sa ka sa wannan kalma, ba waccan ba? Ku riƙe wannan dabara, za mu komo kanta.

Yadda aka fara kuwa abu ne mai sauƙin ganewa. A 1952, a can Manchesta ɗin, Christopher Strachey ya sa kwamfutar jami'a tana fitar da wasiƙun soyayya. A 1959 wani ɗalibi a birnin Shtutgat na Jamus, Theo Lutz, ya zaɓo sunaye 16 da siffofi 16 daga wani littafin Franz Kafka, ya ɗura wa na'ura, ta riƙa haɗa su tana fitar da ɗangwaye. Kwatancinsa shi ne ka ajiye ƙwarya uku, ɗaya da sunayen abubuwa, ɗaya da siffofi, ɗaya da ayyuka, ka rufe ido ka zaro ɗaya-ɗaya ka jera. Wani lokaci ka samu "jaki mai sanyi ya gaji da kasuwa", jama'a su yi dariya. Wani lokaci kuma, cikin ɗari, ka samu guda mai ɗan daɗin ji. Mutum ne ya zuba kalmomin cikin ƙwarya, mutum ne ya tsara yadda za a jera su. Aikin na'ura zarowa ne kawai.

Rigimar da ta fi shahara a wannan fage ta 1984 ce. A shekarar ne aka buga wani littafi a Amurka, mai wani suna na ban dariya a kan gemun ɗan sanda, cike da waƙoƙi da gajerun labarai da hirarraki. Aka tallata shi da cewa shi ne littafi na farko da kwamfuta ta rubuta. Manhajar da aka ce ta yi aikin, wato tsarin umarnin da ake ɗura wa na'ura, sunanta Racter, kuma mutum biyu suka ƙirƙiro ta, William Chamberlain da Thomas Etter. Chamberlain ya faɗa a gabatarwa cewa ban da gabatarwar, duk abin da ke cikin littafin aikin na'ura ne. Mutane suka karanta suka riƙe baki, don akwai jimloli doguwa masu kan gado, magana ta tafi ta dawo ta haɗu da farkonta, abin da ƙwaryar Lutz ba za ta taɓa yi ba.

To, ba a jima ba sai aka fitar da Racter kasuwa, kowa na iya saye ya sa a kwamfutarsa. Nan fa asiri ya fara tonuwa. Waɗanda suka saya suka gwada, suka gwada, ba su samu ko kusa da abin da ke cikin littafin ba, sai 'yar hira ta shirme da sauri take ƙarewa. A 1993 wani mai nazarin irin waɗannan manhajoji, Jorn Barger, ya rubuta sharhi ya ce ba yadda za a yi wadda aka sayar ta fitar da waɗannan rubuce-rubuce, sai dai in an riga an shirya mata dogayen jimloli da hannu, aka bar 'yan guraben da za ta cike. Wato kenan a ganinsa, daɗin da mutane suka ji na Chamberlain ne, na'ura gishiri kawai ta barbaɗa. Ita kuwa ainihin manhajar da aka ce ta rubuta littafin ba a fito da ita an ba jama'a sun bincika ba. Shi ya sa har yau in ana zancen littafin sai a haɗa da shakka. Kun ga wannan sak ne da mai sayar da iri, ya nuna maka zangarniya kamar hannun ƙato ya ce daga irinsa ta fito, ka saya ka shuka ka ga abin da ba haka ba, ka ce ya kai ka gonar da aka yanko ta, ya ce gonar ta yi nisa.

Akwai kuma wata hanyar da hannun mutum ke shiga, wadda ta fi wuyar gani, kuma 'yan kasuwa za su fi kowa gane ta. Ita ce zaɓe. A watan Mayu na 2017 aka buga littafin waƙoƙi a ƙasar Sin, aka ce na wata manhajar kamfanin Microsoft ne mai suna Xiaoice. An ba ta waƙoƙin mawaƙan ƙasar su 519, na tun daga wajen 1920, ta yi nazarinsu, sannan ta fitar da waƙoƙi fiye da 10,000. Nawa aka buga? 139. Mutane ne suka zauna suka tsince su. Duk wanda ya taɓa sayen kwandon tumatir ya san na saman ba shi ne labarin kwandon ba. In ka sheƙe buhu goma na ƙaiƙayi ka samu mudu guda na tsaba, to yabon na wa ne, na ƙaiƙayin ko na mai faifan?

Masana a Jami'ar Amstadam ta ƙasar Holan, Nils Köbis da Luca Mossink, sun gwada wannan batu musamman, suka buga sakamakon a 2021. Mutum 830 suka shiga gwajin. Aka sa wata manhaja mai suna GPT-2 ta tsara waƙoƙi, aka jera su da na mutane, aka ce a nuna wacce ce ta na'ura. In an zaro waƙar na'urar ne haka kawai ba tare da zaɓe ba, jama'a na gane ta. In kuwa mutum ne ya duba ya tsinto mafi kyau, sai su kasa. Ashe a lokacin, bambancin yana hannun mai zaɓen.

Daga ƙarshen Nuwamba na 2022 al'amarin ya sauya. Lokacin ne kamfanin OpenAI na Amurka ya saki ChatGPT ga kowa da kowa, wasu kamfanoni kuma suka biyo da nasu. Irin waɗannan ake kira ƙirƙirarriyar basira, kuma da ɗaya daga cikinsu yaronka ya yi aiki, Malam. Su ba ƙwarya uku aka ajiye musu ba. An ɗura musu rubutun mutane mai yawan da ba mahaluƙin da zai iya karance shi ko da zai yi shekara dubu, littattafai, jaridu, waƙoƙi, da abin da ke intanet, aka yi ta horar da su kan abu guda: ga farkon magana, me zai biyo baya? In na ce muku "komai nisan jifa", kafin in rufe baki kun ƙarasa. In mai saye ya taya kaya ƙasa da kuɗinsu, kun san "albarka" za a ce masa. Ba tunani kuka tsaya yi ba, yawan ji ne. To haka na'urar take, sai dai nata yawan jin ya kai ta iya ƙarasa magana da ba wanda ya taɓa faɗi, kalma bayan kalma, har baiti ya cika. Aikin ma ba cikin wayar ake yinsa ba. Waya na aika saƙon ta intanet zuwa wasu manyan gine-gine maƙare da kwamfutoci, amsa ta dawo cikin daƙiƙoƙi. Miliyoyin mutane ke tambaya a lokaci guda, ba ofishin magatakardan da zai iya da wannan.

Duk da haka in aka ce babu mutum a cikin akwatin sam, an yi gaggawa. Mawaƙa da marubutan da aka ɗura mata aikinsu suna ciki, galibi ba tare da an nemi izininsu ba, shi ya sa a Satumba 2023 ƙungiyar marubutan Amurka ta kai kamfanin OpenAI ƙara kotu. Akwai kuma ma'aikatan da aka ɗauka, har da wasu a Nairobi ta Kenya, suka yi ta tantance rubuce-rubuce don a koya mata abin da bai kamata ta faɗa ba. Sannan ga shi wanda ya zauna ya ce mata yi mini waƙar manomi, ya ƙi ta farko, ya ƙi ta biyu, ya karɓi ta uku. Su dai ba sa nan a lokacin da take rubutun, amma ba don su ba da ba ta ce uffan ba.

Yanzu sai takardar Maraɗi, wadda ta fi wuya. A da, inji ke iƙirari ana neman mutumin da ya ɓuya. Yanzu mutum ke iƙirari ana neman injin da ya ɓoye. Kuma Malam, kada ka ɗauka kunne kaɗai zai fisshe ka. A Nuwamba 2024 wasu masana biyu na Jami'ar Fitsbag a Amurka, Brian Porter da Edouard Machery, suka buga wani gwaji. Sun ɗauko waƙoƙin shahararrun mawaƙan Ingilishi guda 10, ciki har da Shakespeare da Emily Dickinson, suka sa ChatGPT ta tsara biyar-biyar a salon kowannensu. Wannan karon ba su yi zaɓe ba, biyar ɗin farko suka ɗauka. Aka raba wa mutum 1,634, ba masana waƙa ba, talakawan masu karatu. Kashi 46.6 cikin ɗari kawai suka canka daidai. Wato da kwabo suka jefa sama, kai ko wutsiya, da sun fi samun daidai. Abin dariya ma, waƙoƙin na'urar aka fi cewa na mutane ne. Masanan suka ce dalili shi ne ta na'ura maganarta a fili take, ba ta wahalar da mai karatu, ta gwanaye kuwa tana da zurfi da karkata, sai mai karatu in bai gane ba ya ce ai wannan shirmen inji ne.

A kashi na biyu na gwajin, da mutum 696, sai aka ga wani abu kuma. Waƙa guda, in an ce wa mutane ta na'ura ce sai su rage mata maki, in an ce ta mutum ce su ƙara. Wasu na cewa wannan son kai ne irin na ɗan Adam. Mu a nan ba mu ga haka ba. Mai jin waƙa ba daɗin kalmomi kaɗai yake saye ba, har da sanin cewa wani ya tsaya a bayansu.

Kada kuma wani ya ruɗe ku da cewa akwai na'urar da ke kama na'ura. Ana sayar da irinsu, amma ba abin jingina ba ne. Kamfanin OpenAI da kansa ya fitar da tasa a Janairu 2023. Bisa lissafinsu, kashi 26 cikin ɗari na rubutun na'ura take kamawa, kuma tana yi wa kashi 9 cikin ɗari na rubutun mutane ƙazafi. Watan Yuli na shekarar suka janye ta. A shekarar dai masana a Jami'ar Stanford suka gwada irin waɗannan guda 7 da rubuce-rubucen ɗaliban da Ingilishi ba harshen uwarsu ba ne, sai ga shi fiye da rabi an ce wai na na'ura ne, alhali yaran da hannunsu suka rubuta. In haka abin yake a Ingilishi, harshen da aka gina su a kansa, to ina ga Hausa?

Sai dai a Hausa muna da wata 'yar sa'a, aƙalla zuwa wani lokaci. Waƙarmu da kunne ake auna ta. Kowane ɗango yana da gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi da ake jerawa bisa tsari, shi ake kira kari, kuma yawancin karin rubutacciyar waƙarmu daga ma'aunin Larabawa aka samo shi, wato aruli. Ga kuma amsa-amo, sautin da kowane baiti zai ƙare da shi tun daga farko har ƙarshe. To rubutun boko ba ya nuna wasali dogo da gajere, ba ya nuna hawa da saukar murya. Ka rubuta "gari". Garin da kake zaune, ko garin tuwo? A baki ba a haɗa su, na tuwo ana jan gaɓarsa ta farko, na zama ba a ja. Ka rubuta "fara". Farar akuya ce, ko farar da ke cin gero? A takarda duk ɗaya ne. Ajami ma ya fi boko gaskiya a nan, don shi yakan nuna ja da alif ko wawu ko ya. Na'urar da ta yi karatunta daga rubutun boko tana iya gane ma'ana daga kalmomin da ke kewaye, amma nauyin gaɓa ba ta taɓa jinsa da kunne ba. Ga shi kuma Hausar da ke intanet ba ta kai cikin cokali ba in an gwada da Ingilishi. Shi ya sa sau da yawa za ka ga baitinta a ido ya yi kyau, layuka sun yi tsawo ɗaya, ƙarshensu ya yi kama, amma da ka ɗauko rerawa sai harshe ya yi tuntuɓe, kamar amalanken da ƙafarsa ɗaya ta sace. Wani lokacin kuma Hausar kan yi warin fassara.

Amma a yi hattara da wannan ma'auni. Sabon shiga ma yana karya kari, kuma ba inji ba ne. Na'urorin kuma kullum gyara su ake yi, abin da suka kasa bana suna iya yinsa baɗi. Haka nan zancen cewa waƙar na'ura ba ta ambaton fadamar garinku ko shekarar da kogi ya cinye muku shinkafa, sai dai manomi jarumi, manomi uban kowa. Gaskiya ne haka takan yi in an bar ta. Amma mai wayo zai zuba mata sunayen, ta saƙa su ciki.

Abin da ya fi inganci shi ne dabarar nan ta Turing, a juya ta kan mutum. A zauna da saurayin cikin mutunci, ba a tsakiyar taro ba, waya tana aljihu. A ce masa ɗangon nan na uku, sunan da ka sa ba daidai ba ne, canja shi, amma kada kari ya karye. A tambaye shi me ya sa ya ce damina a nan bai ce marka ba. A ba shi wani amsa-amo ya yi baiti biyu a kai. Wanda ya sha wuyar waƙarsa ya san kowane lungu nata, kamar yadda ka san inda dutse yake a gonarka ko da dare. Ba muna cewa sai ya zama marigayi Mamman Shata ba, wanda aka sani da tsara waƙa nan take a gaban jama'a har ya rasu a 1999. Marubucin waƙa da yawa kan yi makonni kan baiti goma. To irin wannan sai ya nuna takardunsa na farko, inda ya soke ya sake. Kuma in ya ci jarrabawar, wajibi ne waɗanda suka yaɗa raɗe-raɗin su yaɗa wannan ma.

To in ya amsa cewa e, da taimakon waya ya yi, laifi ne? A nan sai mun duba al'adarmu, don waƙa mai hannu da yawa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Waƙar Tabban Haƙiƙa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ya yi ta da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isan Kware ya yi mata tahmisi, wato ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu ya zama biyar. Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne, shi ke faɗa wasu na rubutawa, ba kuwa wanda ya taɓa cewa waƙar ta mai riƙe da alƙalamin ce. Abin lura shi ne ba a ɓoye ba. An san na wane ne tushe, an san wanda ya ƙara. Mawaƙanmu na da sukan rufe waƙa da faɗin sunansu, da yawansu har da shekarar da suka gama ta cikin ramzi, wato haruffan da in ka lissafa ƙimarsu za su ba ka shekarar Hijira.

A kasuwa ma haka ne. Ga hular da aka yi wa aikin hannu, allura da zare, makonni ana kanta. Ga wadda inji ya ɗinka cikin ɗan lokaci. Ba wanda ya ce ta inji ba hula ba ce, tana rufe kai, wata ma ta fi kyau daga nesa. Amma kowace da kuɗinta, kuma wanda ya sayar maka da ta inji a kuɗin ta hannu algus ya yi. A ganinmu liƙin da ake yi wa mawaƙi kuɗin aikin hannu ne. In saurayin ya faɗa tun farko cewa waya ce ta jera shi kuma ya gyara ya rera, mai son ya liƙa masa ya liƙa, ruwansa. Hukumar da ke kula da haƙƙin mallakar rubutu a Amurka ma kusan nan ta tsaya a rahotonta na Janairu 2025: ba wa na'ura umarni kaɗai ba ya mayar da mutum mawallafi, amma abin da ya ƙara ko ya gyara ko ya tsara da kansa, wannan nasa ne.

Ita kuwa maganar Jefferson, ko na'ura na jin wani abu a ranta, masana na nan suna ta ja-in-ja a kai. Abin da ba jayayya shi ne ba ta taɓa riƙe fartanya ba, ba ta taɓa duban gabas tana jiran hadari ba. Amma wannan shi kaɗai bai kashe zancen ba, don a finafinanmu ma namiji kan rubuta baitin da mace za ta rera na kukan kishiya. Inda bambancin ya fi fitowa shi ne wajen ɗaukar nauyi. Sa'adu Zungur da ya tsara Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, ya ja kunnen sarakuna, kowa ya san shi, an san mutumin Bauchi ne, ya kuma san abin da ka iya biyo baya. Na'ura ba ta da gidan da za a kai mata sammaci. In baitinta ya ɗauko zambo ko habaici ya taɓa mutuncin wani, wanda ya tsaya ya karanta shi za a kira gaban mai gari, kuma ba a jin "waya ce ta faɗa" a can.

Akwai kuma wani hali nata da ya kamata duk mai sa ta waƙar yabo ya sani. Maroƙin gari ya san asalin kowa, ya san wane ya haifi wane, in bai sani ba sai ya tambayi tsofaffi. Ita kuwa na'ura, tun da aikinta ƙarasa magana ne, in ba ta san sunan kakan ango ba, ba lalle ne ta yi shiru ba. Tana iya ƙago wani suna mai daɗin ji ta ɗora, ta ba shi sarautar da bai taɓa riƙewa ba, ko ta fito da shi daga garin da danginsa ba su taɓa zama ba, kuma ta faɗe shi ba ko inda-inda. A duba kowane suna da kowace nasaba tukuna, kafin a miƙa wa yaro lasifika.

Sauran takardu sai mako mai zuwa.